BABI NA UKU: HANYOYIN DA TALAKAWA KE BI WAJEN KAI KOKE A KAN MANUFOFIN GWAMNATI: MISALIN RUFE IYAKA A MAI'ADUWA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda talakawan ƙasar Mai'aduwa suke isar da kukansu ga hukuma a duk lokacin da wata manufa ta gwamnati ta taɓa rayuwarsu. An ɗauki batun rufe iyakar Nijeriya da Nijar a matsayin misali, domin tsakanin shekarar 2019 da 2024 da wuya a sami gidan da wannan manufa ba ta shiga ba a yankin. Za a fara da bayanin ma'anar koken talakawa, sannan a kawo matsayin Mai'aduwa a bakin iyaka da manufofin da suka jawo koken. Daga nan sai a bi hanyoyin da koken yake bi ɗaya bayan ɗaya, a auna abin da ya haifar. Abin da babin yake son nunawa shi ne, muryar talaka takan isa ga masu mulki, amma sai bayan an riga an zartar da hukunci, saboda haka galibi sassauci take samowa.

3.1 Ma'anar Koken Talakawa

A wannan nazari, koken talakawa yana nufin duk wani yunƙuri da mutanen da ba su riƙe da muƙamin gwamnati suke yi, ɗaiɗai ko a ƙungiyance, domin su sa hukuma ta janye wata manufa, ko ta gyara ta, ko ta sassauta yadda ake aiwatar da ita. Ya bambanta da siyasar jam'iyya, domin mai koke biyan buƙata yake nema, ba kujera ba.

Wannan al'ada tana da tushe a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, talaka yakan kai kukansa ga mai unguwa, mai unguwa ya kai ga dagaci, har magana ta isa fada. A zamanin mulkin mallaka kuma, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano cikin 1950 ta koya wa talakawa rubuta takardun koke da ƙalubalantar haraji da aikin tilas. A yau Tsarin Mulkin 1999 ya ba wannan al'ada kariya: sashe na 39 ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 40 kuma ya tabbatar da 'yancin taro da kafa ƙungiya.

3.2 Mai'aduwa a Bakin Iyaka

Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa tana cikin masarautar Daura a Jihar Katsina, kuma ta yi iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar daga arewa. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kimanin dubu ɗari biyu. A cikinta ne mashigin Kwangwalam yake, a kan hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Matamaye zuwa Damagaram. Kasuwar Mai'aduwa, wadda take ci ranar Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewacin Nijeriya. Shanu da raƙuma da tumaki sukan shigo daga Nijar, hatsi da kayan masarufi kuma su fita daga Nijeriya.

Ita wannan iyaka Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa tsakiyar mutane masu harshe ɗaya da addini ɗaya da auratayya. Masani William Miles ya nuna haka a littafinsa Hausaland Divided na 1994, inda ya kwatanta ƙauyen 'Yardaje na ƙasar Daura da maƙwabcinsa Yekuwa na Nijar. Saboda haka idan an ce an rufe iyaka, abin da mutumin Abuja yake gani a taswira, shi mutumin Mai'aduwa yana ganinsa ne a tsakanin gonarsa da gidan surukansa.

3.3 Manufofin da Suka Jawo Koke

Rufe iyaka ba baƙon abu ba ne a yankin. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai a 1986 zamanin Janar Ibrahim Babangida. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Sai dai a wancan zamani na soja ƙofar koke a ƙuntace take. A zamanin farar hula kuwa, manufofi uku ne suka fi tayar da hankali.

Ta farko ita ce rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019, domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fitar da man fetur. A watan Disamba na 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, a watan Afrilu na 2022 kuma aka ƙara da Idiroko da Jibiya da Kamba da Ikom. Sunan Kwangwalam bai fito a cikin ko ɗaya daga jerin biyu ba, duk da cewa Shugaba Buhari ɗan masarautar Daura ne.

Ta biyu ita ce umurnin da Hukumar Kwastan ta bayar a watan Nuwamba na 2019, na hana kai man fetur ga gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garin Mai'aduwa da Kwangwalam sun faɗa cikin wannan da'ira. Tun da injin niƙa da injin ban-ruwa da babur duk da fetur suke aiki, sai talaka ya koma sayen mai a hannun 'yan bumburutu da tsada.

Ta uku ita ce takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kifar da Shugaba Muhammadu Bazum. An sake rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. A farkon 2024, da hatsi ya yi tsada, sai aka tsananta kama motocin abinci da ake zargin za a fitar da su waje.

3.4 Hanyoyin Kai Koke

3.4.1 Hanyar Sarauta

Wannan ita ce hanya mafi daɗewa. Koke yakan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa Galadiman Daura, wanda shi ne hakimin Mai'aduwa, daga nan kuma zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar. Amfaninta shi ne, kusan duk wani babban jami'in gwamnati da ya zo yankin sai ya kai gaisuwa fada, a nan ne sarki yakan sami damar faɗa masa halin da jama'a suke ciki. Rauninta kuwa shi ne, Tsarin Mulkin 1999 bai ba sarakuna wani iko ba, kuma gwamnatin jiha ce take tabbatar da naɗinsu. Don haka sarki shawara yake bayarwa, cikin lafazi mai taushi.

3.4.2 Ƙungiyoyin Sana'a

'Yan kasuwar hatsi da dillalan dabbobi da mahauta da direbobi kowannensu yana da shugabanni, wasu na gargajiya kamar sarkin kasuwa da sarkin pawa, wasu na zamani kamar shugabannin ƙungiyar direbobi ta ƙasa. Waɗannan su ne suka fi sanin asarar da ake yi, domin su suke ƙirga motocin da suka yi lodi da waɗanda suka kwana babu kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne kuma suke zama da jami'an kwastan idan an kama kayan wani, su nemi a sasanta. Sai dai kowace ƙungiya takan fi damuwa da matsalar 'ya'yanta, kuma hukuma takan yi musu kallon masu kare 'yan fasa-ƙwauri.

3.4.3 Malaman Addini

Huɗubar Juma'a da majalisun karatu wurare ne da ake tattauna halin rayuwa, kuma maganar malami tana da nauyin da ta ɗan kasuwa ba ta da shi. An ga ƙarfin wannan hanya a watan Agusta na 2023, lokacin da malamai a faɗin Arewa suka nuna ƙin amincewarsu da yaƙi da Nijar. A cikin wannan wata Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano, ya gana da Janar Abdurahman Tchiani a Yamai tare da Sarkin Damagaram. Bayan 'yan kwanaki wata tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ita ma ta gana da shi. Hujjar da suka kafa ita ce wadda mutanen bakin iyaka suke faɗa kullum, wato jama'ar ƙasashen biyu dangin juna ne.

3.4.4 Kafofin Watsa Labarai

Rediyo ya ba talaka damar tsallake duk matakan da aka ambata, ya yi magana da bakinsa. Wakilan sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Rediyon Faransa, da na jaridu irin su Aminiya, sukan shiga kasuwannin bakin iyaka su ɗauki muryoyin 'yan kasuwa. Matasa kuma sukan ɗauki hotunan kasuwa da layin motoci da wayoyinsu, su watsa a Facebook da WhatsApp. Wannan hanya tana da sauri, amma ba ta tilasta wa kowa ya ba da amsa.

3.4.5 Zaɓaɓɓun Wakilai

Tun da kwastan da shige da fice suna cikin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya kaɗai, kansila da shugaban ƙaramar hukuma, har ma da gwamna, ba su da ikon buɗe iyaka. Koke sai ya kai Majalisar Tarayya. Majalisar Wakilai ta nemi a janye dokar kilomita 20 tun a watan Nuwamba na 2019. Majalisar Dattawa ta sake neman haka a watan Yuli na 2023, bisa hujjar cewa an cire tallafin mai tun ranar 29 ga Mayu na wannan shekara. Haka kuma a farkon Agusta na 2023 sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi amincewa da yaƙi, suna nuni da jihohi bakwai da suka yi iyaka da Nijar, wato Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta shawarci Shugaba Bola Tinubu da ya bi hanyar sulhu.

3.5 Abin da Koken ya Haifar

Idan aka dubi sakamako, za a ga ya kasu gida biyu. Inda hanyoyin nan biyar suka haɗu a kan magana ɗaya, an ga tasiri mai girma. Batun yaƙi shi ne babban misali: sarakuna da malamai da 'yan kasuwa da 'yan majalisa duk sun yi magana da murya ɗaya, kuma ba a kai ga harba harsashi ba. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage mafi yawan takunkumin, jim kaɗan bayan Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1975, ya yi kira da a yi haka. Ranar 13 ga Maris 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umurnin buɗe iyaka da Nijar. Ba za a ce koke kaɗai ne ya jawo wannan ba, domin sanarwar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi a watan Janairu na 2024 ta ficewa daga ECOWAS ita ma ta matsa wa shugabanni lamba.

Inda kuwa koken ya tsaya a kan matsalar 'yan bakin iyaka su kaɗai, abin da aka samu sassauci ne. A 2020 an yarda wasu gidajen mai ƙalilan su ci gaba da karɓar mai, amma ba a soke dokar ba a lokacin. A watan Maris na 2024, kwanaki kaɗan kafin buɗe iyaka, Shugaban Hukumar Kwastan Bashir Adewale Adeniyi ya zo Kwangwalam da Mai'aduwa ya zauna da jama'a. A nan ne ya sanar da umurnin Shugaban Ƙasa na mayar wa 'yan kasuwa hatsin da aka kama, bisa sharaɗin za su sayar da shi a kasuwannin Nijeriya. Wannan zama yana da muhimmanci, domin a cikinsa mai aiwatar da manufa ya zo har gida ya saurari waɗanda take shafa. Sai dai ya zo ne bayan fiye da shekara huɗu da rufewar 2019.

3.6 Matsalolin da ke Rage wa Koke Ƙarfi

Matsala ta farko ita ce nisa. A Abuja ake yanke hukunci, kuma babu wata doka da ta wajabta a tuntuɓi mutanen bakin iyaka kafin a rufe ta. Ta biyu ita ce ƙarancin rubutu. Yawancin koke da baki ake yinsa, ba a ajiye alkaluman asara da za a kafa hujja da su a gaban kwamitin majalisa. Ta uku ita ce rarrabuwar buƙatu, domin manomin shinkafa ya ji daɗin rufe iyaka a daidai lokacin da dillalin shanu yake kuka da ita. Ta huɗu ita ce kara. Tsakanin 2015 da 2023 ɗan masarautar ne yake mulkin ƙasa, kuma a al'adar Bahaushe sukar naka a bainar jama'a abu ne mai nauyi. Ta biyar ita ce ƙarancin muryar mata, alhali kuwa masu ƙuli-ƙuli da masu abincin sayarwa da suke dogara da ranar kasuwa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa talakawan Mai'aduwa suna da hanyoyi biyar na kai koke, wasu gadaddu, wasu na zamani. An ga kuma cewa koken ya fi tasiri idan hanyoyin suka haɗu, kuma idan matsalar ta shafi Arewa baki ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban giɓin da aka gano shi ne rashin wani tsayayyen zaure da zai haɗa hakimi da shugabannin sana'a da malamai da wakilan mata da jami'an iyaka, wanda za a riƙa jin ta bakinsa kafin a zartar da manufa, kuma ya riƙa ajiye bayanansa a rubuce. Muddin babu irin wannan zaure, mutumin Mai'aduwa zai ci gaba da jin labarin rufe iyakarsa a rediyo, sannan ya fara neman wanda zai kai wa kuka.