Hikayoyin Bege a Adabin Mutanen Asam

Duk wanda saninsa da soyayyar Indiya bai wuce abin da ya gani a majigi ba, lalle zai yi mamaki idan aka gaya masa cewa can a kusurwar arewa maso gabashin ƙasar, inda kogin Brahmaputra ya ratsa gonakin shinkafa da lambunan shayi, akwai al'ummar wani yanki da ake kira Asam, mai harshenta da adabinta, wadda hikayoyin bege suka taimaka mata ƙwarai wajen tsayar da lugarta bayan an so a binne ta.

Asalin al'amarin shi ne, bayan Ingilishi sun karɓi ƙasar Asam a 1826, sai suka ɗora harshen Bangali a makarantu da kotuna, bisa zaton cewa yaren mutanen Asam karin harshe ne kawai na Bangali, kuma ba a warware wannan hukunci ba sai a 1873. Matasan da suka taso cikin wannan ƙasƙanci, da suka tafi neman ilmi Kalkata, su ne suka kafa mujallar Jonaki a 1889, Chandra Kumar Agarwala yana editanta, Lakshminath Bezbaroa da Hemchandra Goswami suna mara masa baya. Kuma da yake hujja mafi ƙarfi a kan cewa harshe yana da balaga ita ce ya iya ɗaukar shauƙi da baƙin cikin rabuwa, sai suka himmatu ga waƙa da ƙissar masoya. Ba su fara daga wofi ba, domin tun ƙarnoni da suka gabata wani mawaƙinsu mai suna Sankardeva ya wallafa labarin ɗauke gimbiya Rukmini, talakawa kuwa suna da waƙoƙin Bihu, waɗanda samari da 'yan mata ke rerawa a bikin watan Afrilu.

An yi ittifaƙi a kan cewa Bhanumati na Padmanath Gohain Baruah da Padum Kunwari na Bezbaroa suna daga farkon ƙagaggun labaran harshen, sai dai duka biyun a gidajen manya da zamanin sarakuna suka ɗauko masoyansu. Wanda ya saɓa wa wannan hanya shi ne Rajanikanta Bordoloi, da littafinsa Miri Jiyori na 1894, wato 'yar ƙabilar Miri, mutanen da a yau ake kira Misin. A cikin labarin, Jonki maraya ne matalauci, Panei kuwa iyayenta sun ƙudurta aurar da ita ga wani mai hali, alhali su biyun sun shaƙu tun ƙuruciya a gaɓar kogin Subansiri. Suka gudu, aka raba su, suka sake neman juna, har ƙaddara ta jefa su hannun wasu mutanen tudu, waɗanda dattawansu suka yanke musu hukuncin kisa, aka zuba gawarwakinsu a kogin da ya raine su. Mai karatun da ya saba da littattafan soyayya na Kano ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan rikici na auren dole. Abin da ya ɗaukaka littafin a ganina shi ne mawallafin ya siffanta bukukuwa da ibadu da shari'ar mutanen da 'yan birni ke rainawa, ya kuma nuna cewa zukatansu sun cancanci alƙalami.

Bayansa an yi marubuta da dama. Kanchan Baruah ya fitar da Asimat Jar Heral Seema a 1945, ƙissar da ya gina bisa aƙidar sake haihuwa, kuma har yau ana ta buga shi. Sayyid Abdul Malik, Musulmi daga yankin Golaghat, wanda ya tattara waƙoƙin zikiri na wani sufi mai suna Azan Faƙir, ya kai soyayya ƙauyukan manoma cikin Surujmukhir Swapna, sannan ya sami lambar yabon adabi ta Sahitya Akademi a 1972.

Amma da za a ce in zaɓi guda in miƙa wa mai sha'awar fassara zuwa Hausa, ba zan yi taraddadi ba, Miri Jiyori zan miƙa masa.