3.2 Kayan Aiki da Tsarin Haɗin Tashoshi a Rediyon Ƙunshi Mai Sauri

A wannan sashe za a yi bayanin kayan aikin da masu sha'awar rediyo suka yi amfani da su wajen ƙara saurin aika bayanai, da kuma yadda suka haɗa tashoshinsu. Rediyon ƙunshi hanya ce ta yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, sannan a watsa ta a iska. Masu sha'awar rediyo sun fara gwada wannan hanya a birnin Montreal na ƙasar Kanada a shekarar 1978. A shekarar 1984 aka amince da ƙa'idar AX.25 a matsayin tsarin da tashoshi za su bi.

Ƙaramar tasha tana buƙatar abubuwa huɗu, wato kwamfuta, da na'urar TNC mai shirya ƙunshi, da rediyo, da eriya. Da farko ana aika bit 1200 ne a daƙiƙa, ta hanyar mayar da bayanai sautuka biyu a shigar da su ta kafar makirufo. Wannan kafa kuwa an yi ta ne domin muryar ɗan'adam, don haka ba ta ɗaukar gudun da ya wuce haka sosai.

A shekarar 1987 Dale Heatherington na Amurka ya fito da modem mai bit 56,000 a daƙiƙa. Shi wannan modem yana aiki ne a wajen megahaz 29, sai an haɗa shi da na'urar sauya zango kafin ya hau megahaz 220 ko 430. Shekara guda bayan haka, James Miller na Ingila ya fito da nasa mai bit 9600, wanda ake jona shi kai tsaye cikin rediyo, a tsallake kafar makirufo.

Sai dai saurin modem kaɗai bai wadatar ba. Alal misali, ƙunshi mai bit 2048 yana cin kusan daƙiƙa 1.7 a gudun 1200, amma daƙiƙa 0.2 kacal a gudun 9600. Idan rediyo yana ɓata daƙiƙa 0.3 kafin ya juya daga saurare zuwa watsawa, ke nan lokacin jira ya fi lokacin aika saƙon. Saboda haka dole a sami rediyo mai saurin juyawa.

Ta fuskar haɗin tashoshi kuwa, babbar matsala ita ce ta ɓoyayyar tasha. Tashoshi biyu da ba sa jin juna sukan yi watsi a lokaci guda zuwa ga ta uku, sai ƙunshinsu ya yi karo ya lalace. An rage wannan matsala ta hanyar kafa tasha a kan tudu mai karɓa da watsawa a lokaci ɗaya, da kuma ware zango na musamman domin haɗa manyan tashoshi. Har ila yau, manhajar da Phil Karn ya rubuta ta ba su damar bin ƙa'idar TCP/IP, suna amfani da adireshin intanet masu farawa da lamba 44, waɗanda aka ware musu tun 1981.

A taƙaice, saurin da mai amfani zai gani ya dogara ne ga modem da rediyo da tsarin haɗi gaba ɗaya. Idan ɗaya ya gaza, ƙarfin sauran ba zai yi tasiri ba.