Wutar da Ke Ci a Ɓoye: Yadda Za Ku Rage Kumburin Cikin Jiki

Ya ku 'yan kasuwa da masu iyali, kowannenku ya san kumburi. Idan ƙaya ta soki ƙafa, ko ƙurji ya fito, wurin yakan yi ja, ya ɗauki zafi, ya tashi, ya yi ta zogi. Wannan aikin garkuwar jiki ne: jini ya kwararo wurin ɗauke da fararen ƙwayoyinsa, su kashe ƙwayar cuta, su gyara ɓarna, cikin 'yan kwanaki komai ya lafa.

Akwai kuma wani kumburin da ido ba ya gani. Shi ne wanda garkuwar jiki ke tayarwa ta ƙi kashewa, ya yi watanni ko shekaru yana ci ƙasa-ƙasa kamar wutar ƙaiƙayi. A hankali yakan raunata bangon hanyoyin jini, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta tsuke. Yakan kuma hana jiki jin umarnin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Shi ya sa likitoci ke danganta shi da ciwon sukari, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da wasu cututtukan daji. Ɗan kasuwar da irin wannan ciwo ya kwantar, rumfarsa ce ke rufewa, jarinsa kuma ya ƙare a sayen magani.

Ku fara da ƙugu

Kitsen da ke taruwa a cikin ciki ba zaune yake kawai ba, yana fitar da sinadaran da ke hura kumburi. Don haka tumbi ba shaidar arziki ba ne. Ga gwaji mai sauƙi: ku auna tsawonku da igiya daga ƙasa zuwa tsakar ka, ku ninka ta biyu, ku zagaya ƙugu da ita daidai saman cibiya. Idan bakinta biyu ba su haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawonku, lokacin gyara ya yi.

Abin da ke cikin kwano

Maganin farko yana kasuwar da kuke ci. Gero, dawa, acca da wake suna da harza, wadda ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani a cikin hanji, ta kuma hana sukari hauhawa a jini lokaci guda. Yawan surfe yana tafiya da wannan amfani cikin dusa, saboda haka a sassauta shi. Farar shinkafa, taliya da burodi su zama na jefi-jefi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuka da kuɓewa duk suna cikin lissafi, haka ma gwaiba, lemo, gwanda da mangwaro. Kwaɗon zogale da rana ya fi soyayyen abin bakin hanya. Ku ƙara da kifi, riɗi da gyaɗa mai kyau. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, domin tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta.

Sukari kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini ga babban mutum, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalba ɗaya ta lemon kwalba takan ɗauki kusan cokali 9, ga na shayi, ga na zoɓo da fura. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna ba miya ɗanɗano ba tare da yawan gishiri ba. Man suyar da aka maimaita har ya yi baƙi, a rabu da shi.

Tashi daga kan benci

Zaman rumfa daga safe zuwa faɗuwar rana yana daga cikin abin da ke hura wannan wuta. Abin da ake so shi ne minti 150 na motsa jiki a mako, misali tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Ku sauka daga babur kafin a iso kasuwa, ku ƙarasa da ƙafa. Kowace awa ku miƙe, ku ɗan zaga. Tsokar da ke aiki tana shanye sukari daga jini, tana kuma rage kitsen ciki.

Hayaƙi, barci da damuwa

Taba, ko sigari ko shisha, tana tayar da kumburi a huhu da hanyoyin jini, kuma na kusa da mai sha ma ba su tsira ba. Hayaƙin itace a rufaffen madafi haka yake yi wa mata da yaran da ke goye. A yi girki inda iska ke ratsawa, da busasshen itace ko murhu mai rage hayaƙi. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Damuwar bashi da faɗuwar ciniki in ta daɗe tana taɓa jiki, don haka kada ku haɗiye ta ku kaɗai, ku tattauna da wanda kuka amince da shi.

Cututtukan da ke ɓuya

Wani kumburin tushensa ƙwayar cuta ce, gyaran abinci kaɗai ba ya kawar da shi. Ciwon hanta nau'in B yakan shekara da shekaru bai nuna alama ba. Gwajin jini ke gano shi, akwai kuma allurar rigakafinsa, wadda ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa. Tsargiya, wato fitsarin jini, tana kumbura mafitsara, kuma tana da magani a asibiti. Dasashi mai fitar da jini ma kumburi ne: ku riƙa goge haƙora safe da dare, in bai daina ba ku ga likitan haƙori.

Hattara da maganin talla

Ƙwayoyin ciwon jiki da ake tallarsu a tasha da kasuwa, irin su diclofenac da ibuprofen, suna danne zafi, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Dexamethasone, da wasu ke sha don ƙiba, yana tayar da sukari da hawan jini. Haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ko da an ce na gargajiya ne, kada ku ba shi amanar ƙodarku. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma kada ya bari don ya gyara abinci.

Yaushe za ku je asibiti?

Kada ku jinkirta idan kuna fama da gajiya marar dalili, rama, yawan ƙishirwa da fitsari, kumburin gaɓɓai da safe, ko ciwon da ya ƙi warkewa. Ko kuna jin garau, ku auna hawan jini da sukari aƙalla sau ɗaya a shekara. Masu zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ku riƙa tafiya da katin asibiti da kwalin maganinku, domin magani ɗaya yakan fito da suna dabam a Najeriya da Nijar.

Ba sai kun sauya komai a rana ɗaya ba. Ku zaɓi abu guda a wannan mako, ko rage cokalin sukari ko tafiyar ƙafa, in ya zauna ku ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa, lafiyarku kuma ita ce uwar jarinku.