Ladan Gyaran Kwamfuta Tsakanin Abokai: A Karɓa Ko A Yafe?

A ko wane ofis da ko wace makaranta ba a rasa mutum guda wanda Allah ya hore wa sanin kan kwamfuta. Ba don wannan aka ɗauke shi aiki ba. Watakila akawun kuɗi ne, ko malamin lissafi, ko mai buga takardu. Amma tun ran da ya taɓa kwamfutar wani ta tashi, labari ya bazu, shi ke nan ya zama likitan kwamfutocin ofis duka, da na iyalansu, har da na surukansu. In ya gama sai a ce, "Malam, sannu da aiki, Allah ya saka da alheri." Shi kuwa ya amsa da amin, zuciyarsa tana lissafin barcin da ya yi asara.

To, irin wannan mutum, ya kamata ya karɓi lada daga abokansa da abokan aikinsa, ko kuwa ya yafe don zumunci? Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar magana ce. Ta raba aminai, ta sa wanda ya ke gaishe ka da fara'a ya koma kau da kai, kuma tana iya jawo wa ma'aikaci tuhuma a wurin aikinsa.

ABIN DA YA SA BUKATA TA YI YAWA

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kayan aikin akawu su ne alƙalami da tawada da tafireta. In tafireta ta lalace, maganar ofis ce, ba ruwan akawu. Kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta tebur cikin 1981, sannu a hankali abin ya yaɗu har ya iso mu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, sabo da haka uban da bai taɓa tunanin sayen wannan na'ura ba ya shiga neman wadda ɗansa zai koya da ita. Malami yana tsara sakamakon aji a cikinta, akawu yana lissafin albashi, mai neman digiri yana rubuta kundinsa.

Ga shi kuwa ƙasarmu ba ta da sauƙi ga kwamfuta. Ƙurar hunturu ta kan toshe fanka da hanyar iska, ciki ya yi zafi, na'ura ta riƙa kashe kanta. Zafin bazara yana gajarta ran batir. Wutar lantarki in ta dawo da ƙarfi ta kan ƙona caja. Filashin da ya zaga ofis goma ya kan ɗauko bairos ya zuba. Da yawa daga kwamfutocin da ke hannun jama'a kuma na hannu ne, sun ga jiya sun ga yau kafin su iso. Har wa yau kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 7 cikin Janairu 2020, da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Duk wannan kaya a kan wa ya ke sauka? A kan Malam mai sanin kwamfuta.

WAHALAR DA MAI KAYA BA YA GANI

Asalin saɓanin shi ne, mai kaya ba ya ganin aikin. Wanda ya kai wa tela yadi ya san an yanka, an ɗinka. Wanda ya kai kwamfuta kuwa, abin da ya gani kawai shi ne mutum zaune yana danne-danne. Bai san cewa gano cutar ya fi maganinta wuya ba. Kwamfutar da ta ƙi kunnuwa, laifin yana iya zama na caja, ko na batir, ko na ƙwaƙwalwar aiki da ta motsa daga mazauninta, ko na babban allon da ke ciki, sai an bi su ɗaya ɗaya. Sake zuba Windows kuma ba aikin minti goma ba ne. Sai an kwashe takardun mai ita an ajiye, a zuba, a nemo manhajojin da firinta da sauti ke bukata, a mai da takardun. Wannan ya kan ci rabin yini, ya ci data, ya ci man janareta, duka daga aljihun mai gyara.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da ke biyo baya. Faifan ajiya irin na da yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, in ya tsufa yana iya tsayawa ko yaushe, ba sallama. In ya tsaya bayan wata uku da gyara, me za a ce? "Ai tun da Malam ya taɓa ta ba ta sake lafiya ba." Wanda ya yi alheri sau ɗaya ya zama mai lamuni har abada.

HUJJOJIN ƁANGARORI BIYU

Masu cewa a yafe suna da gaskiyarsu. Sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ka gyara wa kwamfuta yau, shi ne zai riƙe maka aji gobe in ɗanka ba lafiya, shi ne zai tsaya maka ran biki da ran makoki. In aka sa wa kome kuɗi, ofis ya zama kasuwa. Wannan magana ce ta hankali, ba mai musunta ta.

Masu cewa a karɓa su ma ba su yi ƙarya ba. Ilmin nan ba tsintarsa aka yi ba, da kuɗi da dare aka same shi. Abin banza kuma ba a ganin darajarsa: wanda ya san gyara kyauta ne ba zai rufe kwamfutarsa daga ƙura ba, ba zai daina cusa mata ko wane filashi ba. Sa'an nan akwai samari da suka koyi wannan sana'a don su ci abinci, daga masu shago a kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa na Computer Village a Ikeja. Mai albashin da ke gyara kyauta, abincinsu ya ke ragewa bai sani ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, watau kyauta tana ɗaure bakin mai karɓa. Wanda ya biya yana da ikon ya ce, "Aikin nan bai yi ba, a sake." Wanda aka yi wa kyauta kunya ta hana shi, sai ya tafi gefe yana gunaguni. Mai gyara shi ma kunya ta hana shi cewa ya gaji, sai ya shiga jinkiri da ɓuya. Kowa yana jin an cuce shi, ba wanda ya furta. Ba kuɗi ne ke kashe irin wannan zumunci ba, shirun ne.

YADDA IYAYENMU SUKA YI

Masu cewa karɓar lada a hannun aboki baƙon abu ne sun manta da al'ada. A ƙauyuka da yawa wanzami ya kan yi wa gida aski shekara guda ba a ba shi kome a hannu ba, amma da kaka damin hatsinsa yana nan, ran suna kuma yana da rabonsa. Gayya ma ba aikin banza ba ce: mai gona ya ciyar, ran da aka kira shi kuma ya saɓa fartanya ya je. Ashe iyayenmu ba su yi aiki don a manta ba. Ladansu sananne ne, ba a dai ƙirga shi nan take. Matsalar gyaran kwamfuta ita ce sabon abu ne, al'ada ba ta yanka masa rabo ba tukuna, kuma sau da yawa wanda aka yi wa ba shi da irin aikin da zai rama da shi.

Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da warware wannan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, an nuna cewa ijara tana inganta in an ambaci lada an kuma yanka lokaci. In kuwa jinga aka yi a kan sai abu ya samu, mai aiki ba shi da kome sai ya kammala. Abin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne hukuncin masu sana'a: abin da suka karɓa suka tafi da shi inda mai shi ba ya gani, yana wuyansu, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Masu sharhi sun bayyana cewa wannan ya shafi wanda ya tsai da kansa ga jama'a da wannan sana'a, sai fa in akwai shaidar cewa kayan sun salwanta ba da sakacinsa ba. Darasin a fili ya ke: yafe lada ba ya sauke amana.

MA'AIKACIN GWAMNATI YA YI HATTARA

A nan hanya ta rabu biyu. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Biyar inda aka tsara ƙa'idojin ɗa'a, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ma'aikatan ƙananan hukumomi suna ciki, haka ma na kwalejoji da sauran cibiyoyi mallakar gwamnati. Sabo da haka akawu ko malamin da ya yanka farashi, ya mai da teburinsa shago, ya sa kansa inda mai neman laifinsa zai samu. Balle a ce kwamfutar ofis ce, cikin lokacin ofis. Wannan ba a karɓar ko kwabo a kanta, don lokacin an riga an biya shi da albashi. Gyaranta kuma ya bi ta hannun shugaba da takarda, domin in takardun hukuma suka ɓace, ba a karɓar "taimako na yi" a gaban mai bincike.

Amma wanda ba wannan ɗaurin a kansa, kamar ɗalibi, ko ƙanen da ya gama makaranta bai sami aiki ba, ko mai shago da ku ke unguwa ɗaya, wannan a biya shi, a kuma biya shi cikakke. Abin kunya ne babba mai albashi ya ce wa yaro, "Kai, ɗana, zo ka duba mini," ya cinye masa yini, ya sallame shi da sa albarka kaɗai. Abokin kirki shi ne farkon mai sayen hajar abokinsa.

SHAWARA

Na ɗaya, a raba ƙaramin aiki da babba. Abin da bai wuce ɗan lokaci ba, kamar haɗa firinta, ko nemo takardar da ta ɓace, wannan gaisuwa ce, ba a sayar da ita. Mafi kyau ma a zaunar da mai kayan a koya masa, don gobe ya yi da kansa, ya koya wa wani.

Na biyu, kayan gyara ko yaushe na mai kwamfuta ne. Batir, caja, faifai, data, shi zai saya, a ba shi rasit, a mai da masa tsohon da aka cire.

Na uku, a yi magana kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya. Ba a cinikin biri a sama. Mai karɓar lada ya faɗi kuɗinsa da ranar gamawa, ya kuma tuna kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mai yafewa ya faɗa a sarari: "Malam, wannan na yi maka don zumunci, amma tsohuwa ce, abin da ya same ta gaba ba ya wuyana." Wanda ba shi da hali ya ce ba shi da hali, ya nuna shagon da ya amince da shi. Wannan ma taimako ne.

Na huɗu, mai kwamfuta ya kwafe takardunsa da hannunsa kafin ya miƙa ta. Kwamfuta ana sayen wata, amma kundin shekara uku ba a kasuwa ya ke ba.

Na biyar, a tsare sirri. A cikin na'urar nan akwai tambayoyin jarrabawa, da lissafin albashi, da hotunan iyali. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a cikin 2023, amma tun kafin doka mutumin kirki ba ya leƙa ɗakin da aka kira shi gyaran ƙofarsa. Bayan gyara kuma mai ita ya sake kalmar sirrinsa, ba don zargi ba, don kowa ya huta.

Na shida yana kan wanda aka yi wa alheri. In abokinka ya ƙi karɓa, kada ka ɗauka bashin ya faɗi. Tukwici yana nan, ziyara tana nan, ɗaukar masa wani nauyi yana nan. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Jama'a, karɓar lada ba rowa ba ce, yafewa kuma ba wauta ba ce. Abin gudu shi ne a shiga aiki kowa da nasa zato a ciki. Akawu da malami su yi ƙaramin taimako don Allah, su bar babban aiki ga masu sana'a, su kuma biya su haƙƙinsu. In aka yi haka kwamfuta ta gyaru, zumunci kuma bai ɓaci ba. Allah ya sa mu gane.