Itace da gawayi a hunturu: Abin da ke haddasa rigimar biyan kuɗi a gabashin Sakkwato

Da zarar hunturu ya kankama, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, buƙatar itace da gawayi kan ninka a garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo. Bayan girki, akwai dafa ruwan wanka da jin ɗumi da asuba, musamman a ƙauyukan da ke bakin fadamar kogin Rima, inda sanyi ya fi tsanani. Akasarin wannan makamashi har ƙofar gida ake kawo shi, a kan jaki ko amalanke ko babur, kuma a nan ƙofar gidan ne saɓani kan tashi.

Tushen matsalar shi ne mai kawo kaya ya fi son tsabar kuɗi, magidanci kuwa, musamman ma'aikacin gwamnati, albashinsa a asusun banki yake. Mai itace yana da hujjarsa. Wanda ya saro masa a daji ba shi da asusu, sabis ɗin waya yakan yi rauni a karkara, ga kuma fargabar saƙon shigar kuɗi na bogi. Idan ya amince a tura masa ta hannun mai POS, sai gardama ta koma kan wanda zai biya ladan cirewa.

An ga ƙarshen wannan taƙaddama a farkon shekarar 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ranar 31 ga Janairu a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffi, daga baya ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Wa'adin ya faɗo a tsakiyar sanyi, sabbin kuɗi ba su wadata ba, 'yan kasuwa da dama kuma suka ƙi tsofaffin. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da su. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun wannan shekarar ya ƙara tsadar sufuri, yayin da matsalar 'yan bindiga ta sa shiga dazuzzuka irin na Gundumi ya zama kasada.

Sai dai rigimar da ta fi ɗaci ita ce ta kafin alƙalami. Magidanci ya biya kuɗin buhu biyar na gawayi tun kafin sanyi, babu rasit, babu shaida. Ranar kawo kaya sai buhu huɗu su iso, ko a tarar ƙasan buhun gari ne da ƙasa, ko itacen ɗanye ne mai hayaƙi. Wani lokaci yaron gida aka ba kuɗin ya miƙa, mai kaya ya ce ba su cika ba. Tsabar kuɗi ba ta barin sawu, don haka magana takan zama tawa da taka. Ga shi kuma dami ba ma'auni ba ne: girmansa yana hannun mai ɗauri.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin cinikin salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya. Sharaɗi ne a fayyace nau'in kayan da adadinsu da lokacin kawowa, Alƙur'ani kuma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Abin mamaki, mutumin da ba zai sayi babur ba tare da takarda ba shi ne zai miƙa kuɗin itacen wata uku da baki kawai.

Ta fuskar doka, dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta ƙin karɓar Naira, amma ba ta tilasta wa mai itace amincewa da turin kuɗi ta waya ba. Akwai Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya, sai dai da wuya mutumin Goronyo ya kai mata ƙara kan buhu ɗaya. Galibi a gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa ake sasantawa, in ta ƙi ci a garzaya kotun shari'a, inda za a nemi mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa.