Sankarar mama: Abin da yawan ambaton binciken Farfesa Olopade ke nufi ga majinyatan Potiskum

A duniyar ilimi, ana auna tasirin masanin kimiyya da abubuwa biyu: yawan maƙalolin da ya wallafa a mujallun bincike, da yawan lokutan da wasu masana suka kafa hujja da su. Malaman manyan makarantu, ciki har da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, sun san cewa ƙarin girma na rataye ne a kan irin waɗannan rubuce-rubuce.

Sanannen ma'auni a wannan fanni shi ne "ma'aunin h", wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan aka ce masani na da 20, ana nufin yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Rumbunan intanet irin su Scopus da Google Scholar ne ke yin wannan lissafi.

Daga cikin 'yan Nijeriya da suka yi zarra a binciken cutar daji akwai Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago a Amurka. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1980, ta wallafa ɗaruruwan maƙaloli da aka ambata dubun-dubatar lokuta, ta kuma samu lambar yabo ta gidauniyar MacArthur a 2005.

Sai dai nauyin aikinta ya fi fitowa idan aka duba abin da ya gano. A 2009, ita da abokan aikinta sun wallafa sakamakon nazarin mata sama da 500 masu sankarar mama daga Nijeriya da Senegal. Sun gano cewa cutar ta kama su suna da ƙarancin shekaru, kuma yawancin ƙarin da aka gwada ba ya dogaro da sinadarin istirojin wajen girma, saɓanin abin da aka fi gani a tsakanin Turawa.

Wannan batu ya shafi magani kai-tsaye. Ƙwayar tamoksifen, wadda ta fi yawancin magungunan cutar araha, tana aiki ne kawai a kan ƙarin da ke dogaro da wannan sinadari. Bai wa mace ita ba tare da an gwada tsokar da aka ciro ba na iya zama asarar kuɗi da lokaci.

A 2018, wani nazarin da ta jagoranta a kan mata sama da 1,100 a Ibadan ya nuna cewa kusan kashi 15 cikin 100 sun gaji matsalar ƙwayar halitta, galibi BRCA1 da BRCA2, abin da ke nufin 'ya'yansu da 'yan uwansu mata na buƙatar sa ido tun da wuri.

Duk da haka, ambato ba ya nufin amincewa. Wasu masanan sun ambaci binciken 2009 ne domin ja da shi, suna cewa rashin adana tsoka yadda ya kamata kafin gwaji na iya ɓoye alamar sinadarin. Saboda irin wannan giɓi ne masana suka tsara Sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta nemi a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ta buga shi.

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta WHO na 2022 sun nuna Nijeriya ta samu sabbin masu cutar kusan 128,000, inda sankarar mama ke kan gaba da sama da 32,000.

Majinyata daga Potiskum kan nemi ƙwararru a Damaturu, Maiduguri, Gombe ko Kano. Ga macen da ta yi wannan doguwar tafiya, amfanin binciken shi ne ta samu gwajin da zai bayyana nau'in ƙarin da ke jikinta kafin a rubuta mata magani. Samar da wannan gwaji a asibitocin Yobe, tare da rajistar masu cutar, shi ne zai bai wa masanan jihar damar gudanar da nasu binciken a kan mutanensu.