Tafasa da Rai-ɗore: Yadda A Ke Rarrabe Su

Da zarar damina ta kankama, sai a ga ciyayi biyu sun rufe kangaye da juji a Fagge da Sabon Gari, har gefen rafin Jakara. Su ne tafasa da rai-ɗore. Dangi ɗaya ne, masana kuwa sun ɗauke su daga jinsin Cassia zuwa Senna a 1982. Furensu duka rawaya ne mai kunnuwa biyar, saboda haka fure ba ya raba gardama.

Ganye shi ne shaida. Na tafasa 'ya'ya shida ne, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, da dare kuma su kan naɗe. Na rai-ɗore ya kan kai takwas ko goma, masu tsini kamar mashi, in an murza sai wari ya tashi. Kwanson tafasa siriri ne, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore a shafe ya ke.

Wannan bambanci ba na masana kaɗai ba ne. Tafasa ita ce ta kwaɗo da miya. Rai-ɗore kuwa na magani ne, 'ya'yansa ɗanye suna cutar da dabbobi, har da yara in sun ci.